A Ce Ma Waccan

Kwalbar man shanu ce ajiye kusa da tabarmata. Kwana uku ke nan ban taɓa shi ba, buɗewa kawai nake yi in shaƙa, sai in ga gidanmu na Wurogauri da damina, hayaƙi na korar ƙuda daga garke, Kaka na kaɗa nono a cikin tulun duma.

Ni 'yar fari ce. Ku da kuka san mutanenmu kun san abin da hakan ke nufi. Inna ba ta taɓa faɗin sunana ba, ba ta taɓa kallona ido cikin ido ba. A ɗakin Kaka na tashi. In an sauke tuwo, sai Inna ta juya wajen danga ta ce, "A ce ma waccan ta taho ta ci." Ko da kuwa babu kowa a tsakar gidan sai ni da kaji.

Abin yakan yi mini ciwo. Na taɓa kai ƙara wurin Kaka, ta yi dariya har ta ajiye tulun. "Ke dai wawuya ce. Baƙo ake kallo a ido. Wa kika ga an tsame ma man da ya fi yawa?"

Da na gama sakandare na samu aiki a wani kantin magani a Gwandu. Mai kantin ya koya mini allura. Wata safiya na yi wa wani yaro, bai kai azahar ba. Aka kama ni. Wata biyar ke nan ina gidan yari ina jiran shari'a, Kaka kuma ta rasu ina nan ciki. Na gaji da ƙirga kwanaki. Abin da ya fi alƙali ba ni tsoro shi ne a ce Inna ta cire ni daga cikin 'ya'yanta.

Ran Laraba aka ce ina da baƙuwa. Inna ce, ta rame, ta shigo motar Kalgo ita kaɗai, macen da ko kasuwa sai an raka ta. Na durƙusa, ina jiran ta dube ni kamar yadda ake duban baƙo.

Ba ta dube ni ba. Ta juya wajen bango ta miƙa wa gandiroba kwalbar.

"A ce ma waccan ta riƙa sawa a abinci. Ta bushe."

Da ta tafi, gandirobar, wadda ba 'yar wajenmu ba ce, ta dafa ni. "Ki yi haƙuri, fushi take. Wata rana za ta yi miki magana."

Ban yi mata bayani ba. Ban san abin da kotu za ta yanke ba, kuma Kaka ba za ta dawo ba. Amma har yanzu ni ce waccan.