Saki Na Uku a Gindin Rumbun Inna

Ban taɓa mantawa da ranar da aikin nan namu ya kusa raba ni da matata ba. Ku sababbin shiga gara ku ji daga bakina, kafin Lawali ya ba ku nasa mai gishiri.

Ga wanda bai san aikin ba, wata 'yar manhaja muke kula da ita. Ita ke matse hoto ya ƙanƙance ba tare da fuska ta dagule ba, ita ke buɗe shi a waya. Ba a ganinta, wasu manhajoji ne ke hawa kanta. Kyauta ce, rubutunta a buɗe yake, kowa na iya kawo gyara, kowa kuma na iya zaginka. Masu zagin sun fi yawa. Muna da babbar mai kula a wata ƙasa da ban taɓa takawa ba, sai masu bita irin Lawali na Anka, sai mai saki. Shi ne ke tattara gyare-gyare, ya jarraba su da hotunan gwaji, ya sa lamba, ya tura wa duniya. A shekarar ni ne mai saki, daga ɗakina a Gummi.

Fitowa ta uku ce, kuma babba. Mun canza yadda ake ajiye launi, don haka hoton da sabuwar ta rubuta, tsohuwar ba za ta iya buɗe shi ba. In an tura, an tura ke nan.

A gidanmu sabis ba ya kamawa sai a gindin rumbun Inna, mahaifiyata. Wata Laraba da damina ina tsaye a wurin ina waya da Lawali, da ƙarfi, yadda sabis ɗin ya saba mini.

Na ce, "Jumma'a zan sake ta. Na gaji. Ta yi nauyi, kullum sai an kawo mini ƙararta. An yi na ɗaya, an yi na biyu, wannan na uku ne, kuma ka san babu kome."

Ashe Inna tana bayan rumbun tana tsintar wake. Matata Rabi kuwa cikinta ya tsufa, ta yi nauyin gaske.

Daga ranar Inna ta sauya mini fuska. Tuwonta dai ya daina zuwa, in na gaishe ta sai ta amsa wa bango. Ni kuwa hankalina na kan wani hoton gwaji na wani jan bijimin sa, wanda in ya bi ta sabuwar manhajar sai ya fito kore shar.

Jumma'a da hantsi babur ya tsaya a ƙofar gida. Surukina ne daga Adabka, laka har gwiwa. Inna ce ta aika masa. Aka shimfiɗa tabarma ya ƙi zama, aka kawo ruwa ya ƙi sha.

Na durƙusa. "Baba, lafiya?"

"Ka furta saki ko ba ka furta ba?"

Nan na gane. "Na furta, Baba, amma manhaja nake nufi."

"Ɗiyar wa ce Manhaja?"

Inna ta leƙo daga ƙofar ɗaki, idonta jawur. "Ni dai mata guda na san anka ɗaura maka."

Na ɗauko kwamfuta na shiga bayanin launi da matse hoto, har na nuna masa koren san. Ya dube shi tsaf ya ce shi da shanu ya tashi, bai taɓa ganin irin wannan ba, kada in maishe shi yaro. Ya ce Rabi ta ɗauko kayanta, in ta haihu in zo da malamai a warware. Wallahi na tsorata. Na san hanyar Adabka da damina, na kuma san cikin da za a ɗora a bayan babur ɗin.

Sai ga Rabi ta fito, hannu a ƙugu, ta durƙusa da ƙyar.

"Baba, ku kwantar da hankalinku. Tun kafin azumi nike jin 'Jumma'a zan sake ta.' Anka yi Sallah, anka yi shuka, ga shi har an gama noman farko. Mutumin da ya kasa sakin abin da ke cikin kwamfuta, ni zai iya saki? Ko yau ɗin ma ba zai tura ba, sansa kore ne."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya dubi san. Sannan ya zauna a tabarmar ya ce a miƙo ruwan nan. Da azahar tuwon Inna ya dawo, har da man shanu.

Rabi ta yi gaskiya, ban tura ba. Sai da ta haihu, aka yi suna, sannan san ya koma ja.

Tun daga ranar "fitarwa" muke cewa, musamman a gindin rumbu. Na kuma gane cewa mutanen gidanmu sun fi babbar mai kula sanin yadda muke saɓa ranar da muke yankewa. Don haka in kun ji ana zaginmu kan jinkiri, ku ƙyale su. Ni jinkirin nan ne ya riƙe mini aure.