Malam Isuhu da Kyamararsa Bebiya

Duk wanda ya zauna unguwar Cheras tare da mu ya san Malam Isuhu ba ya fita sai da kyamara mai ƙafa uku a kafaɗa. Karatun digirgir ya kawo shi Kuala Lumpur, a kan finafinan farko, gajerun nan marasa murya da ake ɗaukar mutane suna sauka daga jirgin ƙasa, sai karatun ya shiga jininsa. Ranar da ya sayi kyamara ya liƙe makirfon ɗinta da salatif, wai baki ne ke ƙarya, tafiya ba ta yi. Mai faɗin haka kuwa in ya tare ka da labari a shagon mamak, wato wurin masu shayi na can, shayinka sai ya huce sau biyu.

Ni na jawo wa kaina da na roƙe shi ya ɗauka mana sunan 'yata. Alhaji Tanko, shugaban ƙungiyarmu, ya yi jawabi har shinkafa ta yi sanyi. Da aka taru kallo, sai ga Alhaji a baƙi da fari, ba murya, yana kaɗa hannu kamar mai korar zuma, mutane a bayansa suna hamma. Alhaji ya haɗe rai ya tambayi inda jawabinsa ya shiga.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Isuhu, "duk abin da jama'a suka ji na ɗauka."

Akwai wani Bamale, ɗan asalin ƙasar, mai sayar da yadi a titin Jalan Masjid India da ya nace sai an ɗauke shi. Ya sake riga, ya gyara hula, ya tsaya ƙiƙam yana murmushi. Malam ya ce masa boleh, wato "to" a yarensu, ya bar shi tsaye. Sai da bawan Allah ya gaji ya zauna yana sakace, sannan Malam ya danna kyamara. Ya ce yanzu ne mutumin ya iso.

Wata rana ruwa ya tsuge mana a unguwar Brickfields, ya karɓi lema daga hannun matarsa Asabe ya rufe kyamara. Da ta harare shi, sai ya ba ta haƙuri da cewa mura tana warkewa.

Bayan ya koma Zariya ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Watanni kaɗan sai Asabe ta turo wa kowa wani ɗan fim mai sunansa a kai. Na buɗe nawa ina shirin dariya, sai ga mahaifina, a zuwansa Kuala Lumpur ɗaya tak ganin likita, shekara guda kafin rasuwarsa. Yana tsaye gindin matakala mai tafiya da kanta a tashar jirgi, ya tattare babbar riga, yana ba mutane hanya ɗaya bayan ɗaya don tsoro. Ni ina can sama ina waya, ban ma waiwayo ba. Leɓunansa suka yi bisimilla, ya taka, ya dafe ƙarfe, yana dariya kamar yaro har ya fice daga hoton. Ban san an ɗauka ba, kuma ba ni da wani hoton Baba yana motsi sai shi.

Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Baba a Aljanna. Amin.