Zuwaira da Wayar Gidan Madara

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina. An kwana ana ruwa, gari ya waye babu rana, hadari ya yi ƙasa-ƙasa, yayyafi kuma ya ƙi ɗaukewa. Rafin da ke gabas da rugar ya cika ya batse, ko shanu ba a tsallaka da su ba. Duk da haka mata sun fito, kowace da jarkar madara a ka da buhun leda a kafaɗa, domin saniya ba ruwanta da ruwan sama, in lokacin tatsa ya yi sai an tatsa.

Mai karɓar madarar ita ce Zuwaira. 'Yar Badafi ce ta ƙasar Kiru, mahaifinta manomin rake, shi ya tsaya mata har ta gama sakandare. Aure ne ya kawo ta wannan ruga ta yankin Burumburum, gidan Alhaji Dikko, tana auren ɗansa Mu'azu. Bahaushiya ce a gidan Fulani, sai ta koyi kunyar gidan har ta so ta fi 'yan gida. Ba ta faɗin sunan surukinta, ba ta cin abinci inda zai gani, in sun haɗu a hanya sai ta ratse ta durƙusa har ya wuce. Shekara bakwai, ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu sai gaisuwa.

Da wani kamfanin madara na Kano ya gina musu wurin tara madara, ɗaki biyu da baranda da tankin sanyayawa mai aiki da sola, aka naɗa Alhaji Dikko shugaban ƙungiya, ita kuma aka ba ta tebur saboda ta iya rubutu da awo. Ƙa'idar kamfanin guda ce: kullum kafin ƙarfe goma ta kira ta faɗi lita nawa aka tara, sannan a turo mota. Ba kira, ba mota.

Matsalar wurin, kwari ne, wayar hannu ba ta kama sabis sai an hau wani dutse da ke hayin rafi. Shi ya sa kamfanin ya turo wani ma'aikacinsa, Ukasha, ya kafa dogon ƙarfe a bayan ginin, ya ajiye wani ƙaramin baƙin akwati na intanet a ɗakin batir, ya ja shuɗiyar igiya ta bin bango har teburin Zuwaira, ya haɗa ta da wayar tebur. Ya nuna mata ramuka biyu a bayan wayar, ya ce igiyar a na hagu take zama, kada a sauya. In ta ɗaga kan wayar ta ji shiru, ta zare igiyar ta ƙirga goma ta mayar. Ɗakin batir kuwa ya ce ba ruwanta da shi.

Wata uku ana lafiya. Da damina ta kankama, sai wayar ta mutu rana guda, washegari ta tashi da kanta. Bayan kwana tara ta sake. Duk ranakun biyu Zuwaira ta ruga dutse, kafin ta isa goma ta gota, madarar ruga guda ta kwana ta lalace, don tankin ba ya riƙe sanyi har gari ya waye. Ukasha ya zo sau biyu ya tarar da komai lafiya. Da farko ya ce hadari ne ke tare sabis, daga baya ya ce ko dai ita ce ke taɓa abin da bai kamata ba. Sai kamfanin ya aiko da takarda cewa in aka yi na uku za a cire rugar daga hanyar mota.

To a wannan Talatar, ƙarfe tara da kwata, ta gama awo, lita ɗari shida da ɗoriya. Ta goge hannunta ta ɗaga kan wayar, sai ta ji shiru. Gilashin wayar na haske, amma 'yar alamar da ke kusurwa ta koma ja.

Ta zare igiyar ta ƙirga goma ta mayar. Ta juya wayar ta duba, igiyar na ramin hagu. Ta kashe ta gaba ɗaya ta kunna, ta zuba mata ido har ta gama tashi, alamar na nan ja. Dutse kuwa yau ba zancensa, rafi ba ya ƙetaruwa. Mu'azu ya yi sammakon tafiya kasuwar shanu. Matan da ke fake a baranda suka zuba mata ido.

Da ta rasa abin yi, sai ta sa yatsa a kan shuɗiyar igiyar ta fara binta, ko ɓera ya ci wani wuri. Ta bi ta ƙarƙashin tebur, ta bi ta gefen taga, har inda ta shige ta saman ƙofar ɗakin batir. Ƙofar a buɗe take. Dattawa shida na ciki a kan tabarma, sun fake wa ruwa, don ɗakin ya fi ɗumi. Daga bakin ƙofa ta hango baƙin akwatin a kan katako, babu fitila ko ɗaya a jikinsa. Filoginsa na yashe a ƙasa. A soket ɗin kuwa cajar wayar hannu ce a maƙale, igiyarta ta sauko har cinyar Alhaji Dikko.

Nan take ta gane komai. 'Yar solar gidansa ba ta caji in babu rana, shi ya sa duk ranar hadari yake zuwa nan, ya zare filogin ya sa cajarsa, sai ya gama ya mayar. Ta ja da baya kafin ya ɗago.

Cikin matan baranda akwai Goggo Laraba, taubashiyar Alhaji Dikko, wadda ba abin da ba ta faɗa masa. Zuwaira ta ja ta gefe ta yi mata bayani ƙasa-ƙasa. Tsohuwar ta gyara zani ta shiga.

"Kai tsoho, wayar da ba mai kiranka sai mai neman aron jaki, ita kake ta ɗura wa wuta? Zare ta, ka kashe wa yarinya waya."

"Ji wadda ta san wuta," in ji shi. "Ke da ko tocila sai an kunna miki. Wayarsu na wancan ɗaki, ni ina wannan, me ya haɗa mu? Shi mai gyaran da bakinsa ya ce hadari ne. Je ki roƙi Allah rana ta fito."

Dattawa suka yi dariya. Goggo Laraba ta rama da cewa tun yana yaro kansa ke da tauri, amma bayanin abin da ya haɗa akwatin da wayar ya fi ƙarfinta. Ta fito tana tafa hannu, ta ce wa Zuwaira ta yi iyakar yinta.

Goma saura minti ashirin. Zuwaira ta san akwatin ba ya tashi nan take, ta ga yadda ya ɗauki lokaci ranar da aka kafa shi. Ta dubi tanki, ta dubi matan da suka tako taɓo tun da sassafe. Sai ta tuɓe takalmi, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta je ta durƙusa a bakin ƙofa. Ta yi sallama, aka amsa.

"Baffa, a gafarce ni," ta ce, idonta a ƙasa. "Wancan baƙin akwatin shi ke ba wayar ofis magana. Filoginsa ne a ƙasa. In ba a mayar yanzu ba, mota ba za ta zo yau ba, ba kuma za ta ƙara zuwa ba."

Alhaji Dikko bai dube ta ba. Ya daɗe yana kallon filogin, sannan ya juya wajen na kusa da shi, wani dattijo mai suna Sale, ya ce ya tambaye ta, ranakun nan biyu da madara ta lalace, su ma hakan ne?

Tana iya cewa ba ta sani ba, a wuce wurin. Amma in ta faɗi haka, wata ranar hadarin na tafe.

"A gaya wa Baffa ban gani da idona ba," ta ce. "Amma duk biyun ranakun hadari ne, kuma washegari wayar na tashi ba wanda ya gyara."

Alhaji Dikko ya miƙa hannu ya zare cajarsa, ya naɗe igiyar a hankali, ya sa a aljihu. Sale ya ɗauki filogin ya cusa. Alhaji Dikko kuma ya tashi ya sa takalmi, Zuwaira ta matsa, ya fita cikin yayyafi ko lema bai karɓa ba.

Ta koma tebur ta tsaya. Sale na faɗo mata daga ɗaki cewa fitila ɗaya ta kama, ja ce. Can ya ce ta fara ƙiftawa. Can ya ce har yanzu ƙiftawa take. Mata sun cika ƙofa. Saura minti shida alamar da ke kusurwar gilashi ta koma kore. Ta ɗaga kan wayar ta ji ƙara, ta danna lambobi huɗu na layin kamfanin. Wata mata ta ɗauka a Kano. Zuwaira ta faɗi sunan rugar da yawan lita, aka ce an rubuta.

Motar ta iso bayan la'asar, ta zagayo ta Tudun Wada saboda lalacewar hanya.

Abin bai wuce salin alin ba. Da Mu'azu ya dawo ya ji, ya ce ai da ta bari ya dawo, ta ce da madarar ba ta jira shi ba, suka kwana biyu ba daɗi. Wasu matan suka ce ta kyauta, wasu suka ce Bahaushiya dai Bahaushiya ce. Alhaji Dikko ya yi wata guda bai taka wurin ba. Ranar taron ƙungiya ya zo, ya ce a rubuta wa kamfani cewa ranakun nan biyu shi ne sanadi, ba mai tebur ba, ya dangwala yatsa a takardar. Ukasha ya dawo ya kewaye soket ɗin akwatin da katako ya sa kwaɗo, ya ƙara wasu soket guda huɗu a baranda don masu caji.

Yanzu shekara uku ke nan. Zuwaira na nan a kan teburinta, 'ya'yanta huɗu, ruga uku ne ke kawo mata madara, kuma mota na zuwa kullum.