Levi Mai Faci da Kakar Kara

Ranar da aka yi ruwan ƙarshe na shekarar, hadari ya taso daga bayan duwatsu kamar zai cika mayo, wato kogi, amma ya ɗan yi yayyafi ya wuce, ya bar rana tana ƙarasa busar da dawa a gonaki. Ranar ce Levi mai faci ya shiga aikin da bai taɓa nema ba.

Levi ya daɗe yana liƙe tayoyi a bakin hanyar Mugulbu. Hannunsa da ƙarfe da guduma ya saba. Ba shi da faɗa, ba shi da surutu, sai dai harkar yara ya sakar wa matarsa Margret gaba ɗaya. In ka tambaye shi ajin da 'yarsa take, sai ya ɗaga kai sama kamar amsar tana jikin kwanon rufi. To a wannan makon Margret ta tafi Digil cirar gyaɗa, ta bar masa 'yarsu Eva da ƙaninta Friday, da kuma tsohuwar ita Margret ɗin da ke zaune tare da su.

Eva ta dawo daga makaranta ta ce, "Baba, Anti Dorcas ya ce kowa ya kawo aikin hannu ran Litinin. Na kaka."

Levi ya ce ta jira uwarta. Ta ce uwarta sai Laraba. Ya ce to zai saya mata tsintsiya ta kai. Nan yarinya ta sa kuka, domin bara ma tsintsiyar ya saya, aka ɗaga ta a gaban aji aka ce wannan aikin kasuwa ne, yara suka yi ta kiranta Mai Tsintsiya har aka tafi hutu. Levi bai taɓa jin labarin ba sai ranar. Sai ya ce a ɗebo masa kara.

Ita dai malamarsu Anti Dorcas kakar girbi take nufi, wato yara su yi ɗan rumbu ko kwando. Amma a Mubi, inda kowa ya ɗauki Hausa ta hanyarsa, kakar gona da kakar mutum duk ɗaya suke shiga kunne. Levi ya waiwaya ya ga surukarsa a gindin mangwaro tana ɓarar wake, ya yanke cewa ita makaranta take so a ƙera.

Da ya durƙusa ya yi mata bayani, ta tambaye shi ko ta mutu ne ba a gaya mata ba. Daga nan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da zanen coci da ɗankwali, ta zauna ta gyara kafaɗa.

Aikin bai yi wa Levi daɗi ba. Duk karan da ya kama sai ya karye, ɓawon ya yanke shi a yatsa, Eva tana tsaye a kansa tana ba da umarni kamar mai mota. Da ya gaji da dabarar yara, ya ɗauko gam ɗin faci da robar taya ya ɗaɗɗaure. Aka kifa ƙaramar ƙwarya ta zama kai. Friday ya cinye gyaɗar da aka ware don idanu, ya kuma zauna a kan gam, sai da aka ɗaga shi tare da tabarma. Akuyar maƙwabta ta shigo ta tafi da hannu ɗaya.

Tsohuwa ta leƙo ta ce, "Levi, wannan wuyan nawa ne ko na zalɓe?"

"Ku yi haƙuri, Mama, karan ne dogo."

"Rage shi. Ka kuma sa mini haƙora. Ina da su lokacin da ka zo neman 'yata."

Ya jera mata farin wake, cikakku.

Ran Litinin ya ɗauki Eva a babur, tana rungume da kakar, wadda ta kusa kai ta tsawo. Da suka shiga aji, Levi ya ga tebur cike da 'yan rumbuna da kwanduna da motocin kara ɗauke da masara. Babu kakar kowa. Sai a lokacin ya gane kakar da ake nufi.

Anti Dorcas ta tambayi Eva mene ne wannan, ta ce kakanta ne. Malama ta rufe baki da hannu, yara suka fara ƙyalƙyalawa, Eva ta waiwayo ta dubi babanta. Levi ba mai iya magana ba ne. Ya hango zangarniyar dawa da ta faɗo ƙarƙashin tebur, ya ɗauka, ya ciro roba daga aljihu ya ɗaure ta a kan ƙwaryar.

Ya ce, "Daga gona take. Kaka ce ta ɗauko kaka."

Malama ta yi dariya har ta jingina da bango, sannan ta matsar da rumbuna ta tsayar da tsohuwar a tsakiya, ta ce ai dawa ba ta kawo kanta gida. Yara suka yi dafifi suna son taɓa haƙoran, Eva ta tsaya gadi tana zaɓar wanda zai taɓa.

Eva tana aji shida yanzu. Levi yana nan a bakin hanyar Mugulbu yana faci. Duk kaka yaran unguwa kan zo masa da kara, ya kore su, ba su tafi ba, ya ajiye taya ya karɓa.