Haƙori na Shida a Bakin Hafsi

Duk sanda aka turo mana sababbin ma'aikata nakan ba su wannan labari, don har gobe ban manta da Talatar da Malam Iro ya kawo mini 'yarsa Hafsi ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in lafiya a wani asibitin ƙauye a ƙasar Safana. Ni kaɗai ke duba marasa lafiya, mutane na ce mini "likita", ni kuma ina amsawa har da gyara wuyan riga.

Daga Babban Duhu suka taho a babur, cikin damina. Hafsi shekararta bakwai, ta tallafe kunci, kwana uku ko tuwo ba ta iya ci. Na ce ta buɗe baki. Haƙoran gaba biyu sun zube, can ciki kuma wani haƙorin turmi na ƙasa ya yi baƙin rami.

Malam Iro ya ce, "Likita, in na Katsina ne ka faɗa mini. Gobe akwai mota, sai mu bi ta tun hanya na da lafiya."

Na ce, "Haba Malam Iro, ciwon famfara za ka kai Katsina? Haƙorin nono ne, zai faɗi da kansa, sabo ya fito." Na ba su maganin rage zafi, na ce ta riƙa kuskure baki da ruwan ɗumi da gishiri. Ko minti biyu ban yi ina duba bakin ba, don layi ya kai har gindin darbejiya.

Bayan wata huɗu fuskarta ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Wannan karon da hannuna na rubuta takardar tura su Katsina, na kuma bi su. Likitar haƙori ta cire turmin, don babu sauran abin gyara. Da ta karanta katin asibitin Hafsi sai ta kira ni gefe, ta ce in ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa gurbin. Na ƙirga, shida.

Ta ce, "Na nono biyar ne a kowane gefe. Na shida na dindindin ne, yakan tsiro wajen shekara shida ba tare da wani ya faɗi ba, shi ya sa ake ɗaukarsa na nono. Da an zo da wuri, ciko kawai za a yi masa."

An koya mana wannan a makaranta, ni ne ban tsaya na ƙirga ba. Kunya ta hana ni faɗa wa Malam Iro.

Bayan shekara biyu na je rigakafi garinsu. Hafsi ta rugo ta gaishe ni, ta wage baki ta nuna mini. "Baba likita, har yanzu bai fito ba. Kaka ta ce sakaci na yi, ƙadangare ya ga giɓin." Haka ake ce wa yara masu famfara, wai in ƙadangare ya ga giɓinka sabo ba zai tsiro ba. Malam Iro ya yi dariya, ya sa aka damo mini fura. Na sha, ban ce komai ba, kuma wannan shirun ya fi kuskuren farko ci mini rai.

Mutanenmu ba sa musu da ma'aikacin asibiti, abin da ka faɗa shi za su ɗauka su kai gida. Don haka kafin ku ce wa uba "famfara ce", ku sa yatsa ku ƙirga, in kuma kun yi kuskure ku faɗa da bakinku. Hafsi ta girma yanzu, kuma a saninta har yau laifinta ne da na ƙadangare.