Malam Habibu da Shugabannin da Ba Nasa Ba

Ina shirin fita aji a Bloomsbury, a nan Landan, waya ta yi ƙara. Hajiya Rabi ce, matar Malam Habibu Ɗanbatta, ta ce mini da safen nan Allah ya yi masa rasuwa a asibitin Whitechapel. Na yi salati, na zauna da takalmi ɗaya a ƙafa.

Tun farkon shekarun tamanin na san shi, ina koyar da Hausa, shi yana digirin tarihi. Abin da ya zo nazari shi ya fara ba ni mamaki. Bakano ne gaba da baya, amma ba shi da zance sai na shugabannin Amurka na farkon ƙarni na ashirin: wanda ya farfasa manyan kamfanonin mai da na jirgin ƙasa, da wanda ya rage kuɗin fito. Mukan tsokane shi cewa ya bar namu na soja suna karya darajar naira, ya tafi bin matattun wasu. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ni so nake in gane yadda mutum zai hau mulki da kuɗin attajirai, sannan ya juyo ya taka musu birki."

Tambaya ce abincinsa. Idan muka je Rye Lane sayen manja, ba ya barin shagon Alhaji Issaka, wani ɗan zangon Kumasi, sai ya ji daga hannun dillalai nawa kayan suka fito, kuma wa ke yanka farashi. Ni kunya takan kama ni, shi ko a jikinsa. Littafin da yake son rubutawa kan wannan tambaya shi ya hana shi komawa gida. An kira shi aiki a Kano ya ƙi, Hajiya Rabi ta yi fushi har ta gaji. Kullum amsarsa, saura babi ɗaya.

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, na tambaye shi abin da na daɗe ina son ji: me ya haɗa shi da mutanen nan? Ya ce kakansa manomin gyaɗa ne lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano. Kamfanonin Turawa suka haɗa baki kan farashi ɗaya, ko ka sayar ko ka koma da buhunka. "A shekarun nan, Lawal, manomin Amurka yana da ƙuri'ar da zai tsorata shugaba da ita. Kakana wa zai tsorata?" Ya ce da an yi discharging ɗinsa zai ƙarasa babin. Ba a sallame shi ba.

Na ji zafin rashin littafin nan ƙwarai, har ranar sadakar uku da Alhaji Issaka ya rufe shago ya zo. Ya riƙe hannuna ya ce, "Saboda Malam na daina saye wajen mutum ɗaya. Yanzu wa zai tambaye ni?" Hawaye suka zubo mini.

Allah ya jiƙan Malam Habibu, ya gafarta masa, ya sauƙaƙa masa tambayar kabari. Allah ya ba Hajiya Rabi da yaranta haƙuri, ya zama gatansu a ƙasar da ya bar su. Amin.