Kunnen Dama na Gwamna

A ma'ajiyar jinin da ke bayan babban asibiti, masu babur huɗu ne ke kai jini duk inda aka nema, dattijon cikinsu kuma shi ake kira Gwamna. Ba kuɗi ne da shi ba, ba tumbi ba, siriri ne ma kamar sanda. Gaisuwa ce ta jawo masa sunan. Sai ka tsaya a gefensa ka yi ta "sannu da aiki" har sau uku, yana goge madubin babur, ko ɗago kai ba zai yi ba. Abokan aiki suka ce wannan ai sai an cike takarda kafin a gan shi. Ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don gara a ce masa mai girman kai da a gano gaskiya.

Gaskiyar kuwa ita ce kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kula da janareta a wani kamfanin roba, kujerarsa a wuri ɗaya, injin kullum a hagunsa. Ranar da kamfanin ya rufe, ya fito da takardar yabo da kunne ɗaya. Da ya zo neman aikin babur, akwai layi a takardar da ke tambayar ko ido da kunne lafiya. Ya dubi layin, ya tuna yara uku a gida, ya sa hannu. Manaja kuma ba ya gajiya da maimaita cewa mai matsalar ido ko kunne ba zai hau babur ɗin ma'ajiya ba, inshora ba ta yarda. Shekara bakwai ke nan Gwamna yana jin wannan magana da kunnen dama yana gyaɗa kai.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gwamna ya mayar da madubin hagu kunnensa na biyu, idonsa ba ya minti guda bai leƙa shi ba. Shi ya sa da aka kawo tsarin bin taswira a waya, sauran suka ɗaure wayoyinsu a kan babur suna tuƙi suna leƙe, shi ya ƙi. Idon da ke gadin madubi ba shi da lokacin karatu. Sai dai ya saurari muryar matar nan ta cikin waya, wadda yake kira Malama. Turanci take yi, amma Turancin hagu da dama ai ba ya buƙatar makaranta.

To ta ina muryar za ta shiga? Ya gwada toshe kunnen dama da iyafis, ɗan abin sauraron nan na cusawa a kunne, sai ya zama kurma gaba ɗaya a tsakiyar titi, ko hon ɗin tirela ba ya ji. Ya gwada ƙure sifikar waya a aljihu, iska ta cinye maganar. Matarsa ce ta warware matsalar, ita da ke ɗinki a falo, ita kaɗai ma ta san sirrin. Ta karɓi hular kwanon, ta farke soson ciki, ta ɗinka ɗan aljihu daidai yatsa biyu gaban kunnen dama, ta cusa 'yar siririyar sifika da ya ciro daga wani tsohon abin sauraro. Igiyar ta bi ta wuyan riga zuwa aljihun ciki inda wayar take kwana, da ɗan maɓallin amsa kira a daidai kwala.

"Ga ta nan, Baban yara," ta ce tana yanke zare da haƙori. "Ita za ta riƙa yi maka raɗa, titi kuma yana yi maka ihu. Ni dai da ka saurare ni yadda kake sauraronta, da mun yi nisa."

Dabarar ta yi aiki, sai dai tana da aibi ɗaya da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Da zarar kira ya shigo, Malama sai ta yi gum, ba ta sake magana sai an kashe. A cikin gari wannan ba komai ba ne, don ya san lungunan kamar tafin hannunsa.

Ran wata Talata da la'asar, wayar tebur ta yi ƙara. Matar da ke rarraba aiki, wadda masu babur ke kira Anti, ta ɗaga, fuskarta ta sauya. Wani ƙaramin asibiti ne a sabuwar unguwa can bayan hanyar kewaye. Mace ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, nau'in jininta kuma irin mai wuyar samu ne. Leda biyu ta rage a firij. Sauran masu babur uku duk sun fita.

"Gwamna, nas ta ce in an wuce minti arba'in ba ta san abin da za ta ce wa mijin ba. Ka san wurin?"

"Ban taɓa zuwa ba."

"Na tura maka a waya. Minti talatin da biyu ta nuna. Na ba nas ɗin lambarka."

Haka ake yi kullum, a ba masu jira lambar ɗan aike don hankalinsu ya kwanta. Dokar ma'ajiya kuma ta ce mai babur da ke ɗauke da jini dole ya amsa kowane kira. Gwamna ya jera ledojin a kula tsakanin ƙanƙara, ya ɗaure a bayan babur, ya ja igiyar sau biyu. Ya sa hula, Malama ta ce ya miƙe, ya murɗa totur.

Minti goma na farko lafiya lau. Yana fita daga titunan da ya sani, kiran farko ya shigo. Ya danna maɓallin kwala.

"Mai jini? Kana ina?" Nas ce.

"Ina hanya, 'yar'uwa. Kashe wayar."

"Wace hanyar? Ka wuce gada?"

Kafin ta kashe ya shiga shataletale mai baki biyar. Ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa, yana jiran Malama ta dawo. Ta dawo, ta ce na uku. Minti ɗaya ya tafi a banza.

Abin da Gwamna bai sani ba, nas ta ba mijin matar lambar don ya daina bin ta yana kuka a baranda. Mijin ya ba wansa. Wan ya ba surukarsu. Kowa a cikinsu yana ganin in ya kira mai babur ya taimaka da wani abu, tunda ba shi da abin yi sai jira. Ba mugunta ba ce, amma sauri kan haifi nawa.

Kira na biyu wan mijin ne, mai murya irin ta masu ba da umarni, yana tambaya ko babur ɗin ba shi da giya ne. Na uku wata tsohuwa ce da ba ta tambayi komai ba, addu'a kawai take jerawa, Gwamna kuma ya kasa katse tsohuwa tana tsakiyar addu'a. Yana cewa amin, yana hango gadar sama ta rabu biyu a gabansa, hannu ɗaya ya hau, ɗaya ya sauka. Ba allon da ya gane. Ya zaɓi hawa.

Tsohuwa ta kashe. Malama ta yi ɗan shiru irin nata na mai sake lissafi, sannan ta ce nan da kilomita uku ya yi kwana ya dawo.

Kilomita uku zuwa, uku dawowa. Gumi ya keto masa a cikin hula. Ya duba agogon hannu, minti ashirin da ɗaya sun tafi, tafiyar da ta rage kuma ta koma sha tara. Babu ko minti ɗaya na ɓatarwa. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji a kan babur ba, don yau in ya ɓata ba shi zai mutu ba.

Ya yi kwanar, ya dawo, ya sauka ta inda ya kamata. Nan titin ya cika da tifofin yashi masu zuwa wuraren gini. Kira ya sake shigowa.

"Don girman Allah, bawan Allah." Mijin ne. "Ta daina amsa mini. Ina kiran ta ba ta amsawa. Kana ina?"

Kukan namiji babba ya cika kunnen dama, kunnen da shi kaɗai ne. Idon Gwamna ya bar madubi na daƙiƙa biyu, yana neman kowace alama a gefen titi. Bai ji hon ba. Inuwa kawai ya gani ta rufe shi ta hagu, sai ga tayar tifa daidai gwiwarsa. Ya karkata dama, babur ya sauka kan tsakuwa, bayan ya yi wutsil-wutsil, ya kafa ƙafa a ƙasa da ƙyar. Direban ya leƙo yana nuna kunnensa da yatsa yana zage-zage.

Abu na farko da Gwamna ya taɓa shi ne kular. Tana nan a ɗaure. Ya zaro wayar, ya ga kira biyu na jiran layi, na uku kuma Anti ce. Gaba kura, baya sayaki. In ya ci gaba da amsawa, ba zai kai ba. In ya ƙi amsawa, ƙarar kiran ma kaɗai ta isa ta rufe bakin Malama. Ya ɗaga na Anti.

"Gwamna, me ya kai ka kan gada? Muna ganin ka a kwamfuta. Ga Manaja nan, a sifika kake."

"Ba ka duba taswirar ne?" in ji Manaja. "Ko ana kira ai kana iya leƙawa."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwamna ya amsa.

"Ranka ya daɗe, wayata a aljihu take, da kunne nake bi. Kunnen kuma ɗaya ne. Na hagu ba ya ji, tun kafin in zo wurinku. Duk wanda ya kira ni ya rufe mini hanya. Anti, ki kira su duka, ki ba su lambarki. Kar wanda ya sake kira na, har ke."

Ya ji numfashin Manaja.

"Tun kafin ka zo?"

"Ranka ya daɗe, wannan maganar za ta jira. Matar ba za ta jira ba."

"Tafi," in ji Anti. "Na ɗauke maka su."

Ya mayar da wayar, ya hau titi. Sabuwar unguwar ta buɗe a gabansa, gidaje iri ɗaya, katanga iri ɗaya, layuka ba suna, rabinsu ba kwalta. Malama ta ce dama, ya yi dama. Ta ce nan da mita ɗari biyu hagu, ya shiga ƙirga sandunan wuta. A wata mararraba wayar ta fara ƙara, sai ta katse a bugu na biyu. Malama ta dawo daidai bakin kwanar. Ya shige ta da ƙafa ɗaya a ƙasa.

Daga nesa ya hango wani mutum tsaye a tsakiyar layi, ba takalmi, yana kaɗa riga sama. Gwamna bai ko kafe babur ba nas ta fito da gudu, ta kwance kular da kanta ta shige. Agogo ya nuna minti arba'in da uku. Mai kaɗa rigar, wato mijin, ya bi ta, ƙofa ta rufe, aka bar Gwamna a waje da babur yana ƙas-ƙas na zafi. Ba wanda ya fito ya ce masa komai. Ya jira aka miƙo masa kular ta taga, ya juya.

Sai washegari Anti ta tare shi a bakin ƙofa, ta zagayo ta damansa kafin ta yi magana. Matar ta farfaɗo, in ji Anti, har ta shayar da jaririyar. Ya zauna a kan benci. Daga nan Manaja ya kira shi ofis. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, ya dai miƙa hannu. Gwamna ya ciro makullin babur ya ajiye masa a tafin hannu. Ya yi kuka a hanyar gida, a cikin motar haya, fuskarsa a jikin taga.

Ba a kore shi ba. Anti ce ta tsaya kai da fata sai da aka ajiye masa kujera kusa da tata. Yanzu shi ke riƙe da wayar tebur, kuma tun ranar da ya zauna ba asibitin da ya sake samun lambar mai babur. Nas ta yi ihu, miji ya yi zagi, amsarsa ɗaya ce: "Ni za ku kira. Shi yana tuƙi."

Ya ce aikin ya fi babur wuya. Jiya ma an tura Dogo, ɗaya daga cikin masu babur, da leda uku, ana jira a ɗakin tiyata. Gwamna na kallon ɗigon da ke nuna shi a kwamfuta yana tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya cak a kan hanyar tifofi. Minti ɗaya. Minti biyu. Anti ta dube shi. Hannunsa ya kai kan wayar, har ya ɗaga ta. Sai ya mayar, ya cusa hannayen biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, idonsa a kan ɗigon, leɓɓansa na motsi, har ɗigon ya ci gaba da tafiya.